Bishiyar Folda da Adana Muryoyin Harsunan Dendi

Ɗalibin ilimin harshe ya saba da bishiya mai saiwa a sama, rassa a ƙasa. Da ita muke fayyace jimla, da ita kuma muke nuna dangantakar harsuna. Irin wannan bishiyar ce take gefen hagu a manhajar sarrafa fayiloli, kamar File Explorer na Windows ko Dolphin na Linux, inda kowace folda reshe ce mai ɗauke da ƙananan rassa. Idan ba a tsara ta ba, murya tana iya ɓacewa alhali tana cikin kwamfuta.

Mu ɗauki mai bincike a gundumar Dioundiou, wadda aka cire daga Gaya a shekarar 2011, a jihar Dosso. A yankin Dendi ana jin Hausa da Zabarmanci da Dandanci da Fulatanci, ga kuma Kyanganci, harshe daga dangin Mande wanda masu magana da shi suke ta raguwa, suna komawa Hausa da Dandanci. Hirar da aka naɗa da dattijo mai jin Kyanganci ba lallai ne a sake samun irinta ba.

Ƙa'ida ta farko ita ce kada bishiya ta yi zurfi. Hawa uku ya wadatar: harshe, gari, rana. Dalili shi ne, a bisa tsarinsa na asali Windows yana iyakance tsawon adireshin fayil a haruffa 260, kuma sunan kowace folda yana cin rabonsa daga ciki.

Ta biyu, a taƙaita sunaye da lambobin harsuna na ISO 639-3: hau don Hausa, dje don Zabarmanci, ddn don Dandanci, tye don Kyanganci. A rubuta kwanan wata daga shekara zuwa rana, misali 2024-03-09, domin jerin ya bi lokaci da kansa.

Ta uku ta shafi haruffa masu lanƙwasa. Wasu manhajoji suna jefa ɓ da ɗ da ƙ bayan z. Haka nan abin da Nijar take rubutawa da ƴ, Nijeriya tana rubuta shi da 'y, don haka mai neman "'yan kasuwa" zai iya wuce "ƴan kasuwa" bai gani ba. Gara a bar waɗannan haruffa cikin matani, a sa wa folda suna da baƙaƙen yau da kullum.

Ta huɗu, a koyi maɓallai. A Windows kibiyar dama tana buɗe reshe, ta hagu tana naɗe shi, folda da ake yawan shiga kuwa sai a maƙala ta a sama.

Hanyar gwada tsari ɗaya ce: a miƙa kwamfutar ga abokin karatu, a ce ya nemo wata hira. In ya same ta ba tare da tambaya ba, wanda zai gaji aikin bayan shekara goma ma zai same ta.