Kyamarar da ke girgiza kanta

Masu ɗaukar hoton biki da suna a unguwar Zariya ta Maraɗi, kamar takwarorinsu na sauran garuruwa, suna ta komawa ga ƙananan kyamarorin nan marasa madubi, da yawa daga ciki na hannu. Ba su da nauyi, suna bidiyo mai kyau, kuma mutum na ganin yadda hoto zai fita tun bai latsa ba. Sai dai wasunsu na zuwa da wata cuta mai wuyar ganewa. A fuskar waya, ko bayan an tura ta WhatsApp, hoto garau. Ranar da aka wanko babba na ratayewa a bango, sai a ga aikin zaren wuyan rigar ango ya fito biyu-biyu, zanen lallen amarya ya yi dishi-dishi. Mai hoto ya zargi hannunsa, ko gilashi, ko wanda ya sayar masa. Sau da yawa duk ba su ba ne. Kyamarar ce ke girgiza kanta.

A gaban farantin da ke karɓar haske akwai labule biyu na siraran ƙarfe. Na farko ya buɗe, haske ya shiga, na biyu ya biyo ya rufe. A kyamara mai madubi, labulen a rufe yake yana jiran a latsa. A marar madubi kuwa dole ya zauna a buɗe, domin farantin ne ke nuna wa mai hoto abin da ke gabansa. Idan aka latsa, sai labulen ya fara rufewa da ƙarfi, nan take ya buɗe a ɗauki hoton, ya rufe, ya sake buɗewa. Wannan bugun na farko, da tsayawar labulen idan ya kai ƙarshen tafiyarsa, su ke sa jikin kyamarar rawa daidai lokacin da haske ke shiga. Wanda ya taɓa ajiye kwanon ruwa kusa da turmi ana daka ya san yadda abin yake. Da yake jikin ba nauyi, ba abin da zai shanye bugun.

Abin dariya, da Panasonic ta fitar da G1 marar madubi a 2008, an ɗauka cire madubi ya kawo ƙarshen girgiza, tunda a da shi ake kuka da shi. Ashe an kori ɗaya ne, ɗaya ya fito fili. Masu Olympus sun yi ta ƙorafi har kamfanin ya fitar da gyaran manhaja na E-M1 a 2014. Sony A7R ta 2013, mai megafiksel 36, ta yi ƙaurin suna a wannan, musamman idan aka ɗaura mata dogon gilashi. Yawan ƙwayoyin farantinta ne ya tona asirin motsin da wata kyamarar za ta ɓoye. Sai a A7R II ta 2015 aka magance. Panasonic ma ta sake fasalin labulen a GX80 ta 2016. Irin waɗannan tsofaffin samfurori ne kuwa suka yi araha yanzu, su ne matashin da ya tara 'yan jikkunansa zai iya saye.

Alamar da ke raba wannan cuta da rawar hannu ita ce ba ta kama kowane sauri. Rawar ba ta daɗewa, kashi kaɗan ce cikin ɗari na daƙiƙa. A 1/1000 na daƙiƙa an gama ɗaukar hoto kafin motsin ya yi nisa. A daƙiƙa ɗaya cur, rawar ta lafa tun da wuri, sauran lokacin ya rinjaye ta. Tsakiya ce wurin haɗari, wajen 1/60 zuwa 1/200, inda ɗaukar hoton da rawar ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Nan ne kuma kyamara ta fi son zaɓa idan aka bar ta ta yi wa kanta saiti a inuwa ko bayan la'asar. Shi ya sa mai hoton da ya je hawan salla a Tibiri zai iya dawowa da dawakai a guje tsaf-tsaf, domin ya sa sauri mai yawa, amma fadawan Sarkin Gobir da ke tsaye cik a inuwa su fito biyu-biyu. Haka ma'aikacin gona da ke ɗaukar ƙwaro a kan ganyen zogale a fadamar Jiratawa: duk yadda aka kusanto da abu, haka ake kusanto da motsin. Na'urar hana rawa da ke cikin kyamara ba ta cika taimakawa ba, don an yi ta ne saboda lilon hannu mai tafiya a hankali. Ƙafa ukun da ake ɗora kyamara ma, in mai rauni ce, ba ta hana komai.

Maganin yana cikin saiti. Yawancin samfurori suna da zaɓin labulen farko na lantarki: farantin da kansa ke fara ɗaukar haske, ƙarfe ba ya motsi sai a ƙarshe, lokacin da aikin ya riga ya kammala. A ganina wannan ne ya kamata ya zama saitin yau da kullum na mai hoton biki. Illarsa ƙarama ce, sai an haura 1/1000 da gilashi a wangale take ɗan ɓata laushin bayan hoto.

Akwai kuma labulen lantarki zalla, wanda ba ya ko ƙara. Girgiza kam babu, amma farantin layi-layi yake karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, don haka ɗan kabu-kabun da ya gifta zai fito a karkace, kuma a samfurori da yawa fitilar walƙiya ba ta aiki da shi. Babbar matsalarsa a wurinmu ita ce wutar dare. Lantarkin Nijar na juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu masu araha na ƙyaftawa sau 100, sai hoto ya fito da ratsi-ratsin duhu a fuskar amarya. Sa sauri a 1/50 ko 1/100 kan rage wannan, amma in janareta ne ke ba da wutar, juyinsa na hawa da sauka, lissafin ya rushe. Nikon Z9 ta 2021, wadda ba ta da labulen ƙarfe sam, da Sony A9 III mai karanta farantinta gaba ɗaya a lokaci guda, sun yi nisa wajen kawar da wannan, amma kuɗinsu miliyoyin sefa ne.

Mai shirin sayen ta hannu ya gwada ta kafin ya biya. A liƙa jarida ko kalanda a bango, a kafa kyamara a kan teburi mai ƙarfi, a sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa biyu, a yi hoto a 1/30, 1/60, 1/125, 1/250 da 1/500. A buɗe kowanne a kwamfuta, a faɗaɗa rubutun. Idan haruffan na 1/125 sun yi inuwa a sama ko a ƙasa, alhali na 1/30 da na 1/500 sun fita ras, labule ne. Daga nan sai a shiga saiti a duba ko tana da labulen farko na lantarki. In babu, irin A7R ta farko, mai sayarwa ya rage kuɗi.