Rigar Ƙwallo a Ƙarƙashin Gado

Akwai wani dattijo a Unguwar Shanu ta Kaduna da ya buga ƙwallo da ƙuruciyarsa. Ranar da na matsa masa ya nuna mini abin da ya rage masa na wancan zamani, sai ya sa jikansa ya jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. Ga riga mai lamba takwas, asu ya huda kafaɗarta. Ga lambar tagulla ta yi kore. Ga hoton 'yan wasa da laima ta manne shi da wata takarda. Na ce, "Baba, ai waɗannan a falo ya kamata su zauna." Ya yi dariya ya ce, "A rataye su da me, ɗan nan? Da ƙusa?"

Ban sami amsar da zan ba shi ba, alhali Kaduna cike take da irin wannan adaka. Garin nan ne ya haifi Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, waɗanda suka ciyo zinariyar Olamfik a Atlanta a 1996, bayan an doke Ajantina da ci 3 da 2. Ƙungiyar garin, Ranchers Bees, ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofi ta Afirka a 1988, ta kuma ɗauki kofin WAFU na Afirka ta Yamma a 1989. Filin wasa na Ahmadu Bello ya karɓi wasannin gasar duniya ta matasa a 1999 da 2009. Riguna da tikiti da ƙwallaye masu sa hannu sun watsu a gidajen mutane, kuma yawancinsu gara da ƙura ne ke gadinsu.

A wasu ƙasashen irin wannan kaya dukiya ce. Rigar da Maradona ya sa ranar da Ajantina ta doke Ingila a 1986, ɗan wasan Ingila Steve Hodge ya karɓa a musanye bayan wasa, ta yi shekaru a gidan tarihin ƙwallo na Ingila, sannan a 2022 aka yi gwanjonta a kan fam miliyan 7.1. Da a ƙarƙashin gado ta kwana, da ko kuɗin goro ba ta yi ba. Wannan ya sa ƙera abin ajiye kayan ya zama sana'a mai zaman kanta. A Amurka mutane da dama sun yi rajistar 'yan dabaru: akwatin gilas mai riƙe ƙwallo yadda sa hannun zai fuskanci mai kallo, firam ɗin da ke shimfiɗa riga ba tare da an soke ta da allura ba, marfin katin hoton ɗan wasa mai rufewa da maganaɗisu.

Kada a raina waɗannan dabaru. Hasken rana yana cinye launi da tawada, saboda haka ake amfani da gilas mai tace shi. Kwalin banza yana sa zane ya yi ja da daɗewa. Dole kuma a bar 'yar tazara tsakanin riga da gilas, in ba haka ba gumin damina zai sauka a kanta ta yi funfuna. Mu kuma muna da namu matsalolin da mai ƙira a Amurka bai san da su ba: ƙurar hunturu mai shiga ta ko'ina, da gara, da zafin bazara mai saki gam. Wanda ya warware waɗannan ya ƙirƙiro sabon abu.

Masu hannun kuwa muna da su. Duk wanda ya shiga kasuwar Panteka ya ga yadda ake yanka gilas da alminiyam a haɗa shogilas na masu sayar da waya da masu cincin. Ido ma muna da shi, don matan da suke jere a ɗakin amarya sun daɗe da sanin wane kwano ke zama a sama, wanne a ƙasa. Abin da ke kashe wa mai sana'a gwiwa shi ne, yau ya fito da sabon fasali, jibi maƙwabcinsa ya kwafa ya karya farashi.

Doka ta yi tanadin maganin wannan tun 1970. Mai ƙirƙira yana iya neman takardar mallakar ƙirƙirarsa a ofishin rajista da ke Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari. Sharaɗi shi ne abin ya zama sabo, akwai dabarar ƙirƙira a cikinsa, kuma ana iya ƙera shi a masana'anta. Takardar tana shekara 20, ana biyan kuɗinta duk shekara. Idan siffa ce kawai sabuwa, sai a yi rajistar fasali, ita kuma shekara 5 ce, ana sabunta ta sau biyu. Hukumar NOTAP tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen cika takardu.

Inda mutanenmu ke faɗawa rami shi ne ɗoki. Wanda ya riga kai takarda shi doka ta sani, ko da wani ya riga shi tunani. Sannan abin da ka riga ka saka a Facebook ko ka kai kasuwa ya daina zama sabo. A zana, a rubuta yadda yake aiki, a shigar da takarda, sannan a nuna wa duniya.

Wani abin kuma da ba kowa ya sani ba: takardar Amurka ba ta aiki a Nijeriya sai in an yi mata rajista a nan, kuma zane-zanen tsofaffin ƙirƙire-ƙirƙire suna nan a intanet kyauta. Kafinta na iya dubawa ya koya ya ƙera, sai dai ba zai yi rajistarsu da sunansa ba.

Da na koma wajen dattijon, na tafi da wani yaro mai aikin gilas. Ya auna rigar da tef, ya juya ta, ya tsaya yana kallon hudar da asu ya yi. Sai ya ce, "Baba, a toshe wannan ko a bar ta?" Baba ya ce a bar ta.