Tasirin Abinci a kan Ƙwaron Orius Mai Farautar Tirif

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda za mu duba dangantakar da ke tsakanin abincin ƙwaron nan Orius da amfaninsa wajen yaƙi da tirif, watau ƙananan ƙwarin da ke tsotse furanni da ganyaye. Wanda ya fi ɓarna cikinsu, Frankliniella occidentalis, asalinsa daga yammacin Amurka ta Arewa ne, ya kuwa shiga Holan a 1983. Ban da tsotso, yakan yaɗa cutar da ke sa tumatir da tattasai su yi dabbare-dabbare su yanƙwane, ga shi kuma da saurin sabawa da magani. Manufarmu ita ce mu nuna cewa nasarar mafaraucin ta dogara ne ga abin da zai ci sa'ad da tirif suka yi ƙaranci.

2.0 Abinci a Wurin Kiwo

Orius ba ya wuce milimita 2 zuwa 3. Macen kan saka ƙwayayenta cikin jikin tsiro, 'ya'yan kuma sukan bi matakai 5 kafin su balaga, suna farauta a kowane mataki. Masu kiwonsa sukan ciyar da shi da ƙwayayen Ephestia kuehniella, wani malam-buɗe-littafi mai ɓarnar garin alkama, domin da su ne yake girma da wuri, ya kuma yi ƙwai da yawa. Sai dai ƙwayayen nan na da tsada, don haka aka jarraba busassun ƙwayayen Artemia, ƙananan jatan lande na ruwan gishiri, waɗanda ke da arha amma ingancinsu ba ɗaya ba ne. Garin fure kaɗai yakan riƙe ran ƙwaron, amma yawan ƙwan da mace za ta saka yakan ragu.

3.0 Abinci a Gona

A nan ne bambancin ya fi fitowa fili. Furen tattasai na da wadatar gari, saboda haka ana iya sakin Orius da zarar ya buɗe, tun tirif ba su yawaita ba, ya zauna yana jiransu. Kokwambar da ake nomawa a ɗakunan gilashi kuwa ba ta ba da gari, shi ya sa ƙwaron bai cika kafuwa a kanta ba. Tumatir kuma gashinsa mai danƙo ne ke hana shi yawo. Hujja babba ita ce ta lardin Almeriya a Sifen. Bayan da aka sami ragowar haramtaccen magani a tattasansu a Jamus a ƙarshen 2006, manoman lardin suka rungumi Orius laevigatus a 2007, aka kuwa ci nasara. Har ila yau, mafaraucin yakan ci darɓa da wasu ƙananan ƙwari. Wannan yakan raya shi lokacin yunwa, amma yana iya raba hankalinsa daga tirif.

4.0 Kammalawa

Darasin ya shafe mu, domin Megalurothrips sjostedti na zubar da furen wake a Afirka ta Yamma, ana kuma samun ire-iren Orius a gonakin waken. Ke nan kafin a yi maganar sayen mafarauta, ya kamata masu bincike su gano tsirran da ke fure a gefen gona kafin wake, waɗanda za su ciyar da na gida, a kuma rage feshin da ke hallaka su tare da abincinsu.