Dangwale a bakin ƙofar ma'aikata

Ɗan'uwa mai karatu, buɗe hannunka ka dubi kan babban yatsanka. Ka ga ƴan layukan nan da suka nannaɗe? Tun kana cikin uwarka aka yi maka su, kuma ba wanda kuke tarayya da shi a kansu. Ko Hasan da Husaini, kowa da zanensa.

Ka san dangwale. Ranar biyan kuɗin haƙa rabin-wata a fako, wanda bai iya rubutu ba sai a shafa masa tawada ya dangwala gaban sunansa. Wasu har kunya suke ji. To, yau ga masu ilimin boko su ma suna bin layi suna dangwalawa. Sai dai nasu ba tawada, na'ura ce. Mu nan Agiye da Gazawa mun ga irinta lokacin rajistar masu zaɓe, kafin zaɓen 2020. In kuma ka je ci-rani Kano ko Legas, kana iya tarar da ita kafe a bakin ƙofar kamfani.

Yaya take aiki? Ranar da aka ɗauke ka aiki, za ka ɗora yatsa bisa wani ɗan gilashi. Na'urar ta ɗauki hoton zanen. Ta lura da inda layi ya ƙare da inda ya rabu biyu, ta ajiye tare da sunanka. Daga nan kullum in ka zo da safe ka ɗora, in za ka tashi ka ɗora. Ita ko tana rubuta rana da awa da minti. Ƙarshen wata mai lissafi ya duba, ya fidda albashi.

Mi ya kawo wannan? Rashin gaskiya. Da takarda, abokinka na iya sa maka hannu kana gida kwance. Yatsa kuwa ba a aronsa. Dabarar ma ta daɗe. A 1877, a ƙasar Indiya, wani Bature ɗan Ingila mai suna William Herschel ya sa masu karɓar fansho su riƙa dangwalawa, don kada mutum ya mutu dangi su ci gaba da karɓar kuɗinsa. A Najeriya kuma, cikin Fabrairun 2016, ma'aikatar kuɗi ta ce ta cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi. An gano su ta lambar banki da ke haɗe da zanen yatsu. Wajen Naira biliyan 2 da miliyan 290 ke zurarewa kowane wata!

Amma tsaya. Na'urar nan tana da nata aibi, kuma talaka ya fi shafa. Mai riƙon hauya tun yarinta, da magini mai taɓa siminti, da mace mai wanki da daka, zanen yatsunsu yakan goge. Hunturu kuma fata ta bushe ta tsage. Tsoho ma zanensa ya yi laushi. Sai ka ɗora yatsa, na'ura ta ce ba ta san ka ba. Ka ɗora na biyu, haka. Ka wuni kana aiki, amma a lissafi ba ka zo ba. Ƙarshen wata a yanke maka kuɗin ranar. In jika biyu ce, ai cefanen gida ne ya tafi. Wa za ka kai ƙara? Na'ura ba ta jin rantsuwa.

Kuma zuwa kawai ta sani, ba ta san aiki ba. Wani sai ya dangwala da safe ya wuce kasuwa, la'asar ya dawo ya dangwala. A wurinta shi ne ma'aikacin kirki.

Saboda haka in ka samu aiki inda ake dangwale, tun ranar farko ka roƙa a ɗauki yatsu biyu ko uku, daga hannu biyu. In ɗaya ya ji ciwo, ga wani. Kafin ka ɗora ka goge ƙura, in ya bushe ƙwarai ka ɗan hura masa iskar baki. Kada ka juya sai ka karanta sunanka da lokaci a fuskar na'urar. Ga amfanin ajin nan namu! In ta ƙi ka, ko wuta ta ɗauke, je wurin shugaban aiki nan take. Ya rubuta a littafi, ya sa hannu, kai ma ka sa. Kada ka bari sai gobe.

Ka sayi ɗan littafi naka na aljihu. Kullum ka rubuta kwanan wata, da lokacin shiga, da na fita. Ranar biya ka ƙirga kwanakinka, ka gwada da takardar albashi kafin ka bar gaban mai biya.