Turancin "Da Mun Sani": Taimako Ga Sakatarorin Ƙungiya

Bayan girbi ne sakataren ƙungiya yakan zauna ya rubuta rahoton shekara, sau da yawa kuwa da Turanci, domin ofishin da ya ba da rancen taki ko iri. In damina ta yi albarka, rubutun ba wuya. Wahalar tana zuwa ne sa'ad da aka yi hasara, ana so a bayyana yadda aka yi. A nan ne muka ga kalma guda ta kusa raba wata ƙungiya biyu.

Buhu 3 na takin zamani aka rasa a sito, ba wanda ya ga komai. Sakatare yana so ya ce wataƙila mai sito ne ya sayar, sai ya rubuta, "The storekeeper must have sold them." Ga mai jin Turanci kuwa, ma'anar ita ce lalle ya sayar, babu tantama. Daga baya aka gane tun wajen sauke kaya daga mota aka yi kuskuren ƙirge, amma takarda ta riga ta tafi da sunan mutum a ɓace. Da ya sa "might have" ko "may have", wato mai yiwuwa ne, da maganar ta tsaya a kan zato.

Ginin jimlar ɗaya ne kullum. A fara da ƙaramar kalmar, a bi ta da "have", sa'an nan siffa ta uku ta aikatau, wadda muka haddace a makaranta: sell, sold, sold, go, went, gone. Don haka "should have gone" ne daidai, ba "should have went" ba.

"Should have" ita ce ta da-na-sani. Wanda ya rubuta "We should have planted in June" ya ce ya kamata mu shuka a watan Yuni, amma ba mu shuka ba. Ya amsa laifi ke nan. Ba abin kunya ba ne in gaskiyar ke nan, sai dai mu san abin da muke sa wa hannu. In ruwa ne ya makara, kada mu ɗauki laifin da ba namu ba. In kuwa takardar ofis ta ce "You should have paid in January", ba shawara suke ba mu ba, tuhuma ce: lokacin biya ya wuce. "Should not have" kuma tana nufin an aikata, ana nadama, kamar mai cewa "We should not have sold the maize early" bayan ya ga masara ta yi tsada a bazara.

"Could have" tana nuna akwai dama amma ba a yi amfani da ita ba. "Would have" kuwa ita ce "da ... da ..." tamu ta Hausa: "If the rain had come, we would have repaid the loan", wato da ruwa ya zo, da mun biya rancen.

Kafin a aika da rahoton bana, sakatare ya karanta shi gaban taro, yana juya kowace irin wannan jimla zuwa Hausa. Inda ya ce "lalle" jama'a suka ce "a'a, wataƙila dai", a soke "must" a sa "might".