Dawowa gida daga Aljeriya: Murna da zullumi a zukatan matan Matamaye

Duk mai zuwa kasuwa a Matamaye ya san gidan da uwa ko 'ya ta tafi Aljeriya neman abin rufin asiri. Shekaru da dama ke nan matan gundumar Kance, a jihar Damagaram, suna bin hanyar Agadas da Arlit zuwa Tamanrasat, wasu da goyo, wasu da 'ya'yan dangi. A can wasu kan yi aikatau, da yawa kuma bara suke yi.

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Cikinsu akwai yara 52 da mata 33, akasarinsu 'yan wannan yanki. Daga Disamba 2014 kuma, bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu, aka fara kwaso 'yan Nijar a manyan motoci ana dawo da su ta Asamaka.

To, ranar barin can rana ce mai wuyar sha'ani. Mace tana murnar za ta ga 'ya'yan da ta bari, ta huta da ɓuya daga 'yan sanda da kwana a kango. Amma zuciyarta na kan bashin kuɗin mota, wanda sau da yawa sai an sayar da akuya ko an jinginar da gona kafin a haɗa shi. Wadda aka kama a titi kan baro kayanta da ɗan abin da ta tara. Ga kuma zumuncin da aka ƙulla a baƙunta, inda aka ci tukunya ɗaya aka yi jinyar juna.

Wannan hali ba a kan talaka kaɗai ya tsaya ba. A tashar bincike ta Concordia, ta Faransa da Italiya, can ƙuryar kudancin duniya cikin ƙanƙara, mutane goma sha 'yan kai kan shafe kusan wata tara ba shiga ba fita. Su ma idan jirgi ya zo, ga ɗokin gida, ga kewar abokan zama. Sai dai su albashinsu na jiransu, ita kuwa 'yar Kance masu bin bashi ne ke jiranta.

Shi ya sa wasu ba sa daɗewa suke sake ɗaura niyya. Gonaki sun yi wa jama'a kaɗan, damina ba ta ciyar da gida shekara, kuma a Nuwamba 2023 hukumomin soja sun soke dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure. Sokewar ba ta rage wa hamada zafi ba.

A nan 'yan kasuwa ke da abin yi. Wadda ta dawo, jari take buƙata, ba gori ba. A sa ta cikin adashi, a ba ta rake ko gyaɗa bashi ta juya, a matsa mata wuri a rumfa, a mayar da yaranta makaranta. Matar da ta samu abin sa wa a tukunya a garinsu, da wuya ta sake ɗaukar goyo ta nufi hamada.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, ya sa albarka a nemanmu na gida.