Ganuwar Kano Tana Neman Mai Ceto

Duk wanda ya zagaya birnin Kano daga Ƙofar Nassarawa zuwa Ƙofar Kabuga zai ga abin da ya rage na ganuwar da kakanni suka gina da guminsu. A wani wurin tudun ƙasa ne ruwa ya zaizaye, a wani wurin kuwa kantuna da gidaje ne suka hau kanta, har baƙo ba zai san an taɓa yin badala a nan ba.

Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin. Muhammadu Rumfa, wanda ya hau gadon sarauta a 1463, ya faɗaɗa ta. A cikinta ne Dutsen Dala yake, inda masu binciken tarihi suka sami alamun narkar da tama tun ƙarni na 7.

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. A zamanin da, in damina ta wuce, akan tara jama'a su gyara inda ruwa ya ci. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, ganuwa ta daina tsare gari daga mahara, gyaran shekara-shekara kuma ya mutu. Daga nan magina suka shiga ɗibar ƙasarta, aka riƙa cike kududdufan gefenta ana yanka filaye. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a madadinta. Amma sabon gini, kome kyansa, ba ya ba da shaidar da tsohon yake bayarwa.

Ba doka ce ta rasa ba. Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979 ita ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta kuma hana taɓa wurin da aka keɓe sai da izni. A 2007 aka sa ganuwar cikin jerin wuraren da Nijeriya take nema wa matsayin kayan tarihin duniya a UNESCO. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tsayawa a bi dokar, musamman da yake ikon raba filaye yana hannun gwamnatin jiha, tsaron kayan tarihi kuwa yana hannun Gwamnatin Tarayya.

Ba wanda ya ce kada gari ya bunƙasa. Titi yana iya kaucewa, kasuwa tana iya matsawa, ganuwa kuwa in ta faɗi ta faɗi ke nan. Ya kamata a shata iyakar abin da ya saura, a daina ba da fili a cikinta, a danƙa wa masu unguwanni da magina na gargajiya aikin yaɓe kowace shekara. In kuma rushewa ta zama tilas, a bari masana su haƙa su rubuta abin da ke ƙasa kafin katafila ta iso.